Inci Huɗun da Na Sace Daga Tumbina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka auna tumbina a gaban mutanen biki ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Zongo ba za su bar ni ba. Shekara biyu ke nan, amma har gobe in na ratsa ta bakin masallacin unguwarmu sai wani ya ɗaga murya ya tambaye ni inci nawa ake ciki yau. Dattawa fa, masu furfura, masu jikoki. Abin yana ƙona mini rai. Abin da ya fi ƙona mini rai kuma shi ne ba ni da wanda zan kai ƙara, domin duk ta inda na bi da maganar, kaina take dawowa.

Bari in fara da tumbin kansa. Ni dai ban roƙi kowa tumbi ba. Lokacin da na auri Memuna siriri ne ni kamar sandar rake, har mahaifiyarta tana tambaya ko ina cin abinci. Sana'a ce ta jawo mini. Ina da shago a Adum, tsakiyar garin Kumasi, ina sayar da kayan teloli: zare, maɓalli, zif, allura, almakashi, alli, da tef ɗin awo. Aikin zama ne. Daga safe har la'asar ina kan kujera ɗaya, kuma duk abin da aka ɗauko a tire aka ratsa da shi ta gaban shagon sai ya tsaya mun gaisa. Koko da ƙosai da sassafe. Wake da shinkafa da ganda da ƙwai da hantsi. Dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi bayan azahar. Da yamma kuma mai tsire ya san hanyar shagona fiye da hanyar gidansu. Shekara goma sha biyar ana haka. Mutane suka fara kirana Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba (ina kuwa amsawa, wa zai ƙi?). Matan Asantawa masu shago kusa da nawa suna ce mini obolo, wato mai ƙiba, suna dariya ina taya su.

Dariyar ta tsaya ne da ciwon kai ya matsa mini, ga jiri in na miƙe daga ruku'u. Memuna ta tasa ni gaba sai asibiti. Likitan wani matashi ne wanda na tabbata na girme shi da shekara ashirin, amma ya ɗauki biro ya taɓa mini ciki da shi kamar mai zaɓen kankana. Ya ce jinina ya hau. Ya ce teɓar da ke taruwa a ciki ta fi ta ko'ina haɗari, domin ba wadda ake gani a waje kaɗai ba ce, akwai wadda ke lulluɓe da kayan ciki. Ya ba ni magani, sannan ya jero mini doka: a rage mai, a rage gishiri, a rage sukari, a rage tuwo, a yi tafiyar ƙasa ta rabin awa kullum. Na fito ina huci. Na ce wa Memuna wannan yaron bai san darajar manya ba, kuma duk danginmu haka cikinsu yake.

Muka hau motar haya muka koma gida. Sai da muka shiga ɗaki ta cire mayafi ta zauna a bakin gado, sannan ta ce, "Baban Sadiya, na yi jinyar Baba shekara huɗu. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci a baki. Ba zan iya sake yin wata ba."

Mahaifinta hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, har Allah ya karɓi abinsa. Na san wannan sarai, ni ma na sha ɗaukarsa zuwa bayi. Ta buɗe akwati ta ɗauko tef ɗinta ruwan ɗorawa, wanda ni na kawo mata daga shago tun da daɗewa, ta zagaya shi a kan cibiyata. Inci arba'in da biyar. A lokacin saura wata uku bikin ƙanwarta Rahinatu a Asokore Mampong. Ni da bakina, babu wanda ya tilasta ni, na ɗaga hannu na yi mata alkawarin kafin ranar bikin zan sauke inci huɗu. Ta rubuta 45 a jikin kalandar bayan ƙofa, ta ce kowace Juma'a da safe za mu auna.

Washegari gidanmu ya zama wani wuri daban. Kokon safe babu sukari. Tuwon dare bai wuce dunƙulen hannu ba. Kontomire, wato ganyen gwaza, dafaffe, kifi gasasshe, miya babu mai, babu ganda, gishirin kuwa sai ka yi bincike. Abincin rana tana zuba mini a kwano in tafi da shi shago. Abin da ya kamata in faɗa da babbar murya shi ne, ba ni kaɗai ta ɗora wa wannan azaba ba. Ta ce ba za ta zauna tana cin soyayyen nama a gabana ina haɗiyar yawu ba, saboda haka duk abin da na ci shi take ci. Matar da likita bai ce mata komai ba.

Wallahi sati biyun farko na yi da gaskiya. Na sallami mai ƙosai, na kau da kai daga mai tsire (ya yi zaton rasuwa aka yi mini, har ya zo gaisuwa). Ina tafiya a ƙasa daga Zongo zuwa Adum, in isa ina haki. Juma'a ta biyu aka auna. Rabin inci. Sati biyu ina cin ganye kamar akuya, sakamakon rabin inci! Memuna ta yi murna, ta ce haka ake farawa. Ni kuwa raina ya ɓaci matuƙa. Abin da ya shiga cikin sauƙi ina zaune a inuwa, don me zai ce sai da wulakanci zai fita?

Ana cikin haka wani abokina ya ce in shiga ƙungiyarsu ta motsa jiki, irin waɗanda ake kira kif-fit. Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san su. Ranar Lahadi da sassafe za ka ji ganga da kakaki, ka ga mutane sanye da riga iri ɗaya sun cika titi suna sassarfa suna waƙa. Memuna da kanta ta saya mini takalmin gudu. Abin da abokin nawa bai gaya mini ba, kuma har yau ina riƙe da shi a rai, shi ne inda tafiyar take ƙarewa. Kowace Lahadi, duk inda aka zagaya, a rumfar Hajiya Zuwera mai tuwon shinkafa ake tsayawa. Omo tuwo, kamar yadda ake kiransa a nan, da miyar gyaɗa, ga kayan ciki, ga ƙafar sa, mai yana yawo a sama. Mutum arba'in, an yi gumin awa ɗaya, sai a zauna a yi cin awa biyu. Ina dalili? Wane irin motsa jiki ne wannan? Ranar farko na ce a ba ni malmala ɗaya don kada a ce na raina mutane. Na tashi a ta huɗu.

Daga nan komai ya lalace. Wanda ya ci omo tuwo ranar Lahadi ba zai kalli dafaffen kontomire ranar Litinin da mutunci ba. Na shirya da mai ƙosai. Na shirya da mai wake da shinkafa. Abincin da Memuna ke zuba mini kuma ba na zubarwa, Allah ya kiyaye, almubazzaranci ne. Ina cinye shi tukuna, sannan in ci abinci. Tafiyar ƙasa ta koma hawa pragiya, wannan keken mai ƙafa uku. Har a ƙungiyar ma na gano dabara. Ranar da aka ce za a taka har Sofoline a dawo, na bi su zuwa kwana ta biyu, na sulale na tari pragiya, na riga kowa isa rumfar Hajiya Zuwera. Da zan koma gida na sayi ruwan leda na fasa a ƙirji da gadon baya. Memuna ta ga riga sharkaf ta ce sannu, ta kawo mini mafici.

Juma'a ta huɗu tef ya koma arba'in da biyar. Ban manta fuskarta ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta dai tsaya tana kallon lambar, ta ce wataƙila gishirin ne bai ragu sosai ba, ita ce ba ta iya ba. A nan ne mutumin kirki zai buɗe baki ya faɗi gaskiya. Ni kuwa a nan ne ilimin sana'ata ya motsa.

Ga abin da duk mai sayar da kayan teloli ya sani. Tef iri biyu ne. Akwai mai kyau, wanda aka saka zare a cikin robarsa, ko shekara goma ya yi a wuyan tela inci ɗinsa inci ne. Akwai kuma na banza, roba zalla, wanda in ya sha rana aka ja shi sai ya miƙe, kuma ba ya komawa. In tef ya miƙe, kowane inci nasa ya ƙara tsawo, abin da ka auna da shi sai ya nuna ƙasa da yadda yake. Ina da kwali guda na irin wannan a ƙarƙashin kanta, teloli sun dawo mini da su suna zagi. Kuma, don ƙaddara, ruwan ɗorawa ne, kamarsu ɗaya da na Memuna.

Na musanya nata da ɗaya daga cikinsu. Kowace Alhamis sai in zare shi daga akwatinta in sa a aljihu. A bayan shago akwai ƙusa inda rana ke duka. In rataye shi, in ɗaura masa jakar maɓallan ƙarfe a ƙasa, in bar shi daga azahar zuwa la'asar. Da yamma in mayar. (Ka ga wahalar da na sha? Da rabinta na sa a tafiyar ƙasa da yanzu wani labarin nake ba ka.) Ranar Juma'a kuma in ta zagayo da shi sai in ja numfashi in riƙe, in ƙura wa silin ido kamar mai tunanin lahira.

Arba'in da huɗu. Arba'in da uku da rabi. Arba'in da uku. Kalanda ta cika da lambobi masu sauka. Memuna ta kira mahaifiyarta a waya ta gaya mata. Ta gaya wa maƙwabta. Ta koma yin waƙa in tana shara, abin da na daɗe ban ji ba. Sau ɗaya ta tsaya ta dube ni da kyau ta ce ita fa a ido ba ta ga ya ragu can ba. Na ce ai likita ya faɗa, akwai teɓar ciki wadda ba a gani, ita ke fara narkewa, ta waje sai daga baya. Ta gyaɗa kai ta ce haka ne kuwa. Maganar likitan da na zaga, ita na ɗauko na kare kaina da ita.

Abin da ya fi muni, ni ma na fara yarda. Ina yawo cikin jallabiya mai faɗi, babu mai iya gane komai, sai na zama malamin rage tumbi a bakin masallaci. Ina gaya wa dattawa su daina cin tuwo da dare, su riƙa shan ruwa kafin abinci, su yi tafiya bayan sallar asuba. Wani bawan Allah har ya ce in rubuta masa a takarda. Na rubuta, da man wake da shinkafa a yatsuna.

Sai maganar yayi ta taso, wato kayan da dangi ke ɗinkawa iri ɗaya don biki. Gidan su Memuna tela ɗaya suke da shi tun kafin a haife ta, Baba Isaka. Dattijo ne mai shekara arba'in a kan keken ɗinki, ba ya wasa da aikinsa, kuma a shagona yake sayen kayan aiki. Shirina shi ne in je wurinsa ni kaɗai, in ce ya yanka mini babbar riga, a wuce wurin. Ina ta jan ƙafa don kada Memuna ta ce za ta raka ni. Ashe ita ma da nata shirin. Saura kwana goma biki, muna zaune da yamma, wayarta ta yi ƙara. Ta sa a lasifika tana murmushi. Ashe ta riga ta kai masa shaddata da awon ranar Juma'a, ta ce ba ta son babbar riga, ɗinkin zamani take so, mai bin jiki, da maɓallai a gaba, don duniya ta ga aikin da mijinta ya yi.

Baba Isaka ya ce almakashi na hannunsa, amma ba zai sa wa shadda ba sai ya ji daga bakina. Ya ce, "Ɗana, arba'in da ɗaya aka rubuta mini a ciki. Bara arba'in da biyar na yanka maka. Haka ne, ko ka zo in auna?"

Memuna tana kallona, idonta yana ƙyalli. Na yi gyaran murya na ce, "Haka ne, Baba. Yanka kawai."

Ya ce yoo, shi ke nan, ya kashe waya.

Kwana goman nan babu haukan da ban yi ba. Ruwan zafi da lemun tsami. Citta har sai da harshena ya mutu. Na naɗe cikina da leda a ƙarƙashin riga ina zaune a shago ina tsiyayar gumi, wai teɓa za ta narke. Na yi azumin kwana biyu, na rama da buɗe-baki. Tumbi yana nan inda yake, ko gezau.

Ranar Lahadi da safe, ranar bikin kanta, aka kawo ɗinki. Shadda ruwan sararin sama, aiki tsaf, ba ƙarya. Na sa hannu ɗaya, na sa na biyu, daga nan aka shiga kokawa. Memuna tana jan gefe ɗaya ina jan ɗaya, ina riƙe da numfashi har ina ganin taurari. Da ƙyar maɓallan suka shiga, tsakanin kowane biyu kuma riga ta buɗe baki, singileti yana leƙowa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce Baba Isaka ya cuce mu, ya ɓata shadda, ya ɓata mata ranar da ta yi wata uku tana jira. Ka san abin da na ce? Na girgiza kai cikin tausayi na ce, tsufa ne, ido ya fara rauni, a yi masa uzuri. Allah ya yafe mini wannan.

Na yafa rawani a kafaɗa ya sauko ya rufe gaban, muka kama hanyar Asokore Mampong. A mota ban zauna ba, jingina na yi kamar katako. An kafa rumfuna a ƙofar gida, kujerun roba sun cika layi, manyan tukwane suna tafasa a gefe. An ɗaura aure lafiya ina can baya a tsaye, ina numfashi kaɗan-kaɗan kamar mai satar iska. Matsalar ita ce ni ne mijin babbar yayar amarya. Bayan fatiha dole in shiga tsakar gida in gaida Liman da kawunnan amarya, kuma a Zongo ba a gaida irin waɗannan a tsaye. Sai ka durƙusa.

Na durƙusa. Abin da ya biyo baya ba sai na yi dogon bayani ba. Ɗinkin gefe ya tsage daga hammata har ƙugu da wata ƙara da ta sa mai rabon goro ya waiwayo. Maɓalli biyu suka tashi, ɗaya ya faɗa cikin kwanon dabino a gaban Liman. (Maɓallan shagona ne, masu kyau, ba laifinsu ba ne.) Tumbi ya fito ya sha iska. Liman, Allah ya saka masa, ya ɗauke kai ya ci gaba da jan carbi kamar bai ga komai ba.

Da a nan abin ya tsaya, da riga ce kawai ta yage, kwana biyu an manta. Amma Memuna tana ɓangaren mata, ta gani, kuma ga Baba Isaka zaune a kujera kusa da ƙofa, domin shi ya ɗinka kayan gidan gaba ɗaya, an gayyace shi. Matar nan da ba ta taɓa ɗaga wa babba murya ba ta tako har gabansa. Ta durƙusa dai, amma muryarta kowa ya ji. Ta ce Baba bai kyauta ba. Ta ce bawan Allah nan wata uku yana cin ganye, yana gudu a titi, ya sauke inci huɗu, an ba da awo a rubuce, amma a tozarta shi a gaban surukansa. Ta ce in ido ya gaza ai sai a faɗa, a ba yara su yanka. Tana faɗa hawaye na zuba. Ni take karewa.

Matan da yake yi wa ɗinki sun fi ashirin a wurin, duk suna saurare. Baba Isaka ya miƙe a hankali. Bai kalle ta ba, ni ya kalla. Ya sa hannu a aljihu ya zaro tef ɗinsa (tela ko Makka za shi da tef yake tafiya). Ya ce shekara arba'in ba a taɓa cewa ya yanka ba daidai ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Ya ce in ɗaga hannuwa.

Na ɗaga, a gaban Liman, a gaban surukata, a gaban amarya da ƙawayenta da suka leƙo ta taga. Ya zagayo da tef. Na ja numfashi bisa sabo. Ya ɗan buga mini ciki da bayan hannu ya ce, "Saki." Na saki.

"Arba'in da shida."

Memuna ta ce ba zai yiwu ba, tef ɗinsa ne ya lalace. Ta buɗe jaka ta fito da nata (ta zo da shi ne don gyaran ɗaurin amarya, ni ban ma san yana jakar ba). Baba Isaka ya karɓa, ya haɗa kan nata da kan nasa, ya shimfiɗa su tare a kan tabarma. Dukansu sittin aka rubuta a ƙarshe. Na Memuna ya wuce nasa da faɗin tafin hannu. Ya ɗaga shi ya duba a rana, ya murza shi da yatsa, lambobin duk sun yi tsawo sun koɗe. Ya ce wannan irin tef ɗin ya san shi, shi da kansa ya mayar da guda shida shagona bara. Ya ce kuma ba ya miƙewa haka a cikin akwati, sai an rataye shi a rana an ɗaura masa nauyi. Sannan ya ɗaga nasa ya ce, "Wannan ma a wurinka na saya, ɗana. Ka san mai kyau, ka san marar kyau."

Ina neman ƙasa ta tsage in shige, sai na ji wata murya daga wajen tukwane. Ashe Hajiya Zuwera aka ɗauko ta yi girkin biki. Da ludayi a hannu, kuma wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa, taimako take ganin ta yi: "Ai ni ma na yi mamaki da aka ce ya rame. Mutumin da ke cin malmala huɗu duk Lahadi, kuma shi ke riga kowa isowa a pragiya."

Dariyar da aka yi ba zan iya kwatanta ta ba. Kawun amarya har da riƙe ciki. Wanda na rubuta wa takardar rage tumbi yana wurin, ya zaro ta daga aljihu yana nuna wa mutane. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. A lokacin ne na kalli Memuna da kyau, karo na farko cikin wata uku. Zanen yayinta ya zagaye ta har da rara, ƙashin wuyanta ya fito. Ita ce ta rame. Ta juya ta durƙusa a gaban Baba Isaka, gwiwa biyu a ƙasa, ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ita ta yi masa laifi ba. Ta naɗe tef ɗin ta sa a jaka, ta koma cikin mata ta ci gaba da rabon abinci.

Wani ƙanin surukina ya ara mini babbar riga na ƙarasa bikin a ciki. Kafin a watse na je na tsuguna na ba Baba Isaka haƙuri, har da maganar ido da na yi, wadda bai ma ji ba. Ya ce in kawo rigar zai ɗinke ta, amma ko rabin inci ba zai ƙara mata ba.

A gida na shirya jawabi mai tsawo, da laifin abokina, da laifin ƙungiya, da laifin masu ƙera tef na banza. Ba ta bari na fara ba. Ta ce, "Ba rigar ce ta dame ni ba, ba kuma dariyar ba. Wata uku ina barci da daɗi, ina cewa ka tsira." Ta tashi ta cire kalandar daga bayan ƙofa.

Yanzu kullum bayan sallar asuba muna fita tafiya ni da ita, tana gefena, babu kwanar da zan sulale. Na bar ƙungiya. Awo kuma a shagon Baba Isaka ake yi, farkon kowane wata, da tef ɗinsa, yana kuma cewa saki kafin ya karanta. Shekara biyu, ina kan inci arba'in da uku, na gaskiya, kuma kowane inci sai da na ji a jikina. Jinin ya sauka, likitan nan marar kunya har ya yaba mini. Rigar tana rataye a ɗaki, an ɗinke ta, ban shiga ba tukuna.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka yi wa matarka ƙarya da tef, ka tuna tela da nasa zai yanka. Tef ɗin nan ruwan ɗorawa kuwa Memuna ba ta yar ba. Da shi take ɗaure mini kwanon abincin rana. Kullum da azahar, a gaban mai wake da shinkafa da duk wanda ke wucewa ta Adum, sai na kwance shi da hannuna kafin in kai ga kontomire.